Yadda za ki kula da ƙashinki bayan al'ada ta ɗauke

Ƴan uwa mata, musamman iyayenmu da suka haura 50, idan al'ada ta ɗauke sinadarin istirojin yana yin ƙasa sosai, shi ne kuma dama yake tare ƙashi daga zaizayewa, shi ya sa shekarun farko bayan tsayawar jini ƙashi yake saurin yin sako-sako ba tare da kin ji komai ba. Sai dai kawai a ga Hajiya ta rage tsawo, baya ya fara rankwafawa, ko ɗan santsi a banɗaki ƙugu ya karye. A ƙididdigar duniya mace 1 cikin 3 da suka wuce 50 sai ta samu irin wannan karaya.

Farko ki je asibiti ki nemi awon ƙarfin ƙashi da ake kira DXA, in makin ya kai -2.5 ko ƙasa da haka to ciwon zaizayar ƙashi ya tabbata, ma'aunin da hukumar lafiya ta duniya ta sa kenan tun 1994.

Maganar maganaɗisu kuma, don Allah ki bambance abu biyu. Awarwaro da zobe da katifar da ake tallatawa wai suna ƙara ƙarfin ƙashi, ki riƙe kuɗinki, babu hujja. Wanda ake yi a asibiti daban ne, na'ura ce mai aika bugun maganaɗisu da lantarki, a Amurka an amince da ita tun 1979 amma don karayar da ta ƙi haɗewa. A kan zaizayar ƙashi an gwada ta, yawanci ƙananan gwaje-gwaje ne, wasu matan ciwon baya ya ragu musu, sai dai ba a tabbatar tana hana karaya ba. In likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi, ya ce ki gwada to ki ɗauke ta a matsayin ƙari, kuma mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kar ta kusance ta sam.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ce wa tsofaffinmu "Mama zauna ki huta", alhali ƙashi sai an ɗora masa nauyi tsoka ta ja shi sannan yake ginuwa. A Ostireliya an yi wani gwaji mai suna LIFTMOR, mata masu raunin ƙashi suna ɗaga ƙarfe minti 30 sau 2 a sati har wata 8 ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ƙarfin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Ke ba da ƙarfe za ki fara ba. Samu kujera mai ƙwari ki jingina ta da bango, ki zauna ki tashi sau 10 ba dafawa, ki huta ki sake. Ki dafa bango ki yi ɗage sannan ki sauke dunduniya. Ki cika robar ruwa biyu kina ɗagawa sama, in sun daina yi miki nauyi ki ƙara, don in ba ƙari ba ci gaba. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kina riƙe da bango ita ke rage faɗuwa, ki yi ta kullum, ki haɗa da tafiya da ɗan sauri ko a tsakar gida ne.

Abin gudu shi ne sunkuyawa da lanƙwasa baya, shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe, ɗaga bokiti kina murɗa jiki, a nan ƙashin baya yake tsagewa. Ki sa wa tsintsiyar sanda, ki ɗora baho a kan benci, a ruku'u ma ki miƙe bayanki ki lanƙwasa daga ƙugu. Wadda ta taɓa karyewa kar ta fara komai sai fisiyo ya duba ta.

Jiki na buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1200 a rana, ga nono da kindirmo da zogale da kuka da riɗi da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Ki riƙa shan hantsi don bitamin D, mu masu yawan zaman ɗaki da hijabi muna rasa shi. Ƙwayoyin ƙara ƙiba irin su Dexa (dexamethasone, ba awon DXA ba) kuwa ƙashi suke ci, a bar su. In likita ya rubuta miki maganin zaizayar ƙashi mai suna alendronate, yawanci sau ɗaya ne a sati, da safe kafin karin kumallo, da cikakken kofin ruwa, kuma kar ki kwanta sai bayan minti 30.