Yadda za ka kiyaye ƙararka kada kotu ta kore ta saboda lokaci ya ƙure

Mutane da yawa gani suke indai suna da gaskiya to shikenan, alhali a kotu akwai shari'ar da ko buɗe bakinka ba za ka yi ba alƙali zai rufe fayil, don kawai takarda ta shigo a makare.

Abu na farko, ranar da aka yanke hukunci ka rubuta kwanan watan, daga nan ake fara lissafi, ba daga ranar da ka huce ko ranar da kuɗin lauya suka samu ba. A Najeriya, in za ka ɗaukaka ƙara daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba, wata 3 gare ka in hukuncin ƙarshe ne, amma in ɗan hukuncin tsakiyar shari'a ne kwana 14 kacal, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami don suna ɗauka duk wata ukun ne.

Na biyu ka duba wa za ka kai ƙara. In jami'in gwamnati ne kan abin da ya yi a bakin aikinsa, dokar kare jami'an gwamnati wata 3 ta ba ka ka shigar da ƙara daga ranar da ya yi abin. Harkar zaɓe kuwa ba a ma magana, kwana 21 daga ranar da aka sanar da sakamako, rigimar fidda gwani kwana 14, kuma tsarin mulki ne ya yanka, babu alƙalin da zai ƙara maka ko yini ɗaya.

Na uku, shigar da takardar ɗaukaka ƙara ba shi ne ƙarshe ba. Sai an haɗa kwafin shari'ar an tura sama, daga nan lauyanka yana da kwana 45 ya shigar da rubutaccen bayaninsa, in ya yi barci ɗaya ɓangaren zai tashi ya roƙi a kori ƙarar tunda kun ƙi bibiyarta. Don haka ka daina jin kunyar lauya, ka ce "Barista don Allah a nuna min kwafin da rajistara ya buga wa hatimi da rasit", kuɗinka ne fa.

To in lokacin ɗaukaka ƙara ya riga ya wuce fa? Lauya zai shigar da roƙon ƙarin lokaci tare da takardar rantsuwa, a ciki a faɗi dalilin jinkirin dalla-dalla, in asibiti aka kwanta a liƙa takardar asibitin, sannan a nuna cewa ɗaukaka ƙarar tana da ƙwari ba ɓata lokaci ba ce. In sakacin lauya ne a faɗa kai tsaye, kotuna sukan yi sassauci kada laifin lauya ya hau kan mai ƙara. Sai dai fa ka tanadi kuɗin tara.

Sannan in an riga an yanke, ka karɓi kwafin umarnin ka karanta da kyau, cire ƙarar aka yi daga jerin shari'u ko korarta aka yi. Wadda aka cire ana iya roƙo a dawo da ita, wadda aka kora kuwa yawanci sai dai kotun gaba.