Yadda likita zai ƙware a fannin cututtukan barci

Idan maigida yana munshari har ana ji a zaure, sai a ce gajiya ce. Uwargida ce kaɗai ta san yadda numfashinsa ke ɗaukewa, ya yi tsit har gabanta ya faɗi, sannan ya zabura. Da safe kuma ga gyangyaɗi, wataƙila a kan sitiyari. Irin wannan mutum likitan barci yake buƙata, su kuwa ba su da yawa a wajenmu. Ga hanyar ga mai sha'awa.

Da farko sai ka gama ƙwarewa a wani babban fanni: huhu, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, taɓin hankali, yara, ko kunne da hanci da maƙogwaro. Wannan ana yin sa a gida, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika.

Daga nan ka nemi gurbi inda ake da ɗakin gwajin barci. A Amurka horon shekara ɗaya ne, amma wanda ya yi karatu a wata ƙasa sai ya ci jarrabawar USMLE ta lasisin aikin likita a can, ya sami shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje. A Turai, ƙungiyar ESRS ta masu binciken barci tana shirya tata jarrabawar tun 2012.

Kashin bayan aikin shi ne karanta sakamakon gwaji, kuma a nan nake roƙon kowa ya yi haƙuri. Majinyaci zai kwana da wayoyi manne a fatar kai da gefen ido da haɓa, ɗamara a ƙirji da ciki, ma'aunin iskar oksijin ta jini a yatsa. Gari na wayewa ka zauna gaban kwamfuta kana bin daren daƙiƙa 30 bayan 30, kowane 30 shafi ɗaya. Barcin awa 8 shafi 960 ke nan. Kana ƙirga duk inda numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 zuwa sama. Sau 5 a awa ciwo ya tabbata, sau 30 ya yi tsanani. Kada ka bar wa kwamfuta ƙirgan, tana kuskure.

Sai koyon na'urar CPAP, mai hura wa mai barci iska ta takunkumi don kada hanyar numfashinsa ta toshe, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1980. Ka koyi ɗaura takunkuminta da hannunka, don in yana zubar da iska ko yana cin hanci, kwana uku majinyaci zai jefa shi ƙarƙashin gado. In ka dawo gida kuma, kafin ka rubuta wa mutum na'urar, tambaye shi ko yana da sola ko batirin da zai kai shi asuba.