Yadda Ake Auna Kwararowar Hamada Da Hotunan Tauraron Ɗan Adam

Ɗalibai da yawa a nan Samaru kan ɗauki wannan aiki don kammala digiri, kuma yawancinsu wajen zaɓen hoto suke tuntuɓe.

Ka fara buɗe asusu a shafin intanet na EarthExplorer na hukumar USGS ta Amurka, kyauta ne. Hotunan tauraron Landsat za ka nema, domin tun 1972 yake aiki, tauraron Sentinel-2 kuwa sai 2015 ya fara. Ka nuna wurinka a taswira, ko Yusufari ne a Yobe ko Maigatari a Jigawa. Kada ka sauke fayil ɗin gaba ɗaya, data ta yi tsada, band biyu kawai kake buƙata, wato ɓangarorin hoton da aka ware bisa nau'in haske.

To, ga inda gizo ke saƙa. Hoton Oktoba da na Oktoba ake gwadawa, ba wani wata ba. Wanda ya ɗora hoton ƙarshen damina na 1990 a kan na Maris ɗin 2020 zai ga ƙasa ta yi fari fat, ya rubuta cewa hamada ta cinye gari, alhali rani ya auna. A Maris ko gonakin Zariya ma haka suke, dawa tana rumbu, dabbobi sun cinye kara. Ni farkon Oktoba nake ɗauka: gajimare ya ragu, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai sauko ba.

Shekara ma haka. Idan ka fara da 1984, tsakiyar fari ke nan, duk abin da ya biyo baya zai yi kama da ƙasa ta farfaɗo. Hoto biyu ba ya isa, ka jera shekaru masu yawa, ka ajiye bayanan ruwan sama na CHIRPS (rumbun ƙididdigar ruwan sama da ke intanet) a gefensu, suna nan tun 1981. Wurin da aka samu ruwa sosai amma tsiro ya ƙi dawowa, shi ne ya lalace.

Lissafin NDVI, wato ma'aunin yawan koren tsiro a hoto, a manhajar taswira ta QGIS ba wuya: band 5 a cire band 4, a raba da jimlarsu. Na Landsat 8 da 9 ke nan, a Landsat 5 da 7 kuwa band 4 da 3 ne. Hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003 suna da zane-zanen giɓi, ka bar su.

Daga nan ka je wurin da ƙafarka, ka gai da mai unguwa, ka tambayi dattawa abin da ake nomawa a filin a da.