Jif ko a-kori-kura: wacce za ka saya?

Kafin ka je wajen dila, zauna ka tambayi kanka me za ka fi ɗauka, mutane ko kaya? Nan ne maganar take gaskiya.

In kaya ne, siminti, buhuna, janareto, to a-kori-kura irin Hilux ko Ranger ita ce taka, wajen tan ɗaya take ɗauka kuma ba ruwanka da datti, ka watsa ruwa a bodin shikenan. Amma fa sifirin bayanta na faranti ne, an yi shi don nauyi, in babu kaya haka za ta yi ta tsalle da kai a gargada har bayanka ya gaya maka, ga kujerar baya a miƙe, ga ruwan sama in ba tamfol.

Jif irin Prado ko Land Cruiser ta fi laushi, kayanka a kulle, kuma da yake tazarar tayoyinta na gaba da na baya bai kai na a-kori-kura ba cikinta bai cika gogar tudu ba.

Kowacce ka zaɓa dai ka tabbatar 4x4 ce, wato mai ja da duka tayoyi huɗu, mai kuma ƙaramin giya na ƙarin ƙarfi a muguwar hanya, ba duka ke da shi ba. Sa giyar da hannunka, sannan ka leƙa ƙarƙashi ko shasi ya yi tsatsa.