Darasi na 7: Me Ke Sa Mai Jinyar Shan Ƙwaya Ya Ajiye Maganinsa?

Tiramadol, kodin da hiroyin dangi ɗaya ne. Likitoci na kiransu opiyoyid. Wanda jikinsa ya saba da su, ranar da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci su taso masa. Wannan cuta ce, kuma tana da magani. Akwai bufrenofin, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ya narke, akwai kuma metadon. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna.

Amma da yawa daga cikin waɗanda suka fara karɓar magani a ƙaramin asibiti ba sa yin nisa. Wani kuɗin mota ne ya gagare shi, wani ya je ya tarar babu maganin. Wani kuma abin da aka rubuta masa ya yi kaɗan, ƙishirwar ƙwayar ba ta kwanta ba, ya ji nauyin faɗa wa likita. Da ya faɗa, da an ƙara masa. Haka ma taurin bayan gida da ciwon kai da maganin kan jawo wa wasu, duk ana iya gyara su.

Dalilin da ya fi ban tausayi shi ne samun sauƙi. Bayan 'yan makonni mutum ya fara barci, ya koma sana'arsa, sai ya ce ya warke. 'Yan uwa su ƙara masa da cewa, "Ai ƙwaya ka bari ka kama wata." Wannan magana ba daidai ba ce. Sauƙin nan aikin maganin ne, kamar yadda maganin hawan jini ke riƙe mai shi. Ƙwaƙwalwa na bukatar watanni, wani lokaci shekaru, kafin ta daidaita.

Ga inda haɗarin yake. Wanda ya daɗe bai sha ƙwaya ba, jikinsa ya daina jure ta. In ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Makonni 4 na farko bayan barin magani su ne mafi haɗari.

Saboda haka in kana so ka daina, gaya wa likitanka ya riƙa rage maka a hankali. In kuma ka yi tuntuɓe ka sha ƙwaya, kada kunya ta hana ka komawa asibiti ranar da aka ba ka. Ka nemi a ba ka naloksan, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, ka nuna wa mutanen gida inda ka ajiye shi.