Idan kwamfuta ta fara tafiyar hawainiya: abin da za a duba kafin a yi mata fomat

Da zarar kwamfuta ta fara nauyi, shawarar da aka fi ba mai ita ita ce ya yi mata fomat, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Shawarar takan yi aiki wani lokaci, amma tana cin yini guda, tana iya tafiya da hotuna da takardun da ba a kwafe su a wani wuri ba, kuma idan ciwon a jikin na'urar yake, ba za a jima ba nauyin zai dawo kamar ba a yi komai ba. Nauyi alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma Windows 10 da Windows 11 suna ɗauke da kayan aikin da za su nuna inda ciwon yake ba tare da an sauke wata manhaja ba.

A fara da sake kunna kwamfutar, amma ta hanyar Restart, ba Shut down ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kashewa gaba ɗaya ta fi wartsakar da kwamfuta, alhali tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, lamarin ya sauya. Akwai wani tsari mai suna Fast Startup wanda, idan an danna Shut down, yake adana zuciyar Windows cikin wani fayil domin kunnawa ta gaba ta yi sauri, don haka duk tangarɗar da ta maƙale a wurin za ta kwana ta tashi tare da kwamfutar. Restart ne yake rufe komai ya faro daga tushe. Na sha ganin kwamfutar da mai ita yake rantsuwa cewa kullum da dare yana kashe ta, amma lissafinta ya nuna ta yi makonni ba ta huta ba.

Idan nauyin bai tafi ba, sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Abin lura shi ne a buɗe shi a daidai lokacin da kwamfutar take cijewa, kuma ba a mintunan farko bayan kunnawa ba, domin a lokacin kowace kwamfuta tana cikin hidimar tashi. Za a ga jerin manhajojin da ke aiki, da ginshiƙai masu ɗauke da CPU (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) da Memory (wato RAM, wurin riƙe aikin da ake kan yi) da Disk (faifan ajiya), kowanne da kason da aka cinye bisa ɗari. Idan aka danna kan ginshiƙi, manhajar da ta fi ci za ta hau sama. Ginshiƙin da ya cika shi ne zai faɗi maganin da ake bukata.

In Memory ce ta haura kashi 90, to RAM ya yi wa aikin kaɗan, kuma Windows ta koma tana sauke kaya a faifan ajiya, wanda bai kama ƙafar RAM wajen sauri ba. Galibi burauza ce mai laifin, musamman idan an tara shafuka ashirin ko talatin a buɗe. A cikin Chrome ko Edge, danna Shift da Esc yana nuna abin da kowane shafi da kowane ƙarin burauza yake ci, sai a rufe na rufewa a cire na cirewa. Gaskiya ne cewa Windows 11 tana karɓar RAM mai gigabait 4, amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za ta tashi da shi; wanda yake son yin aiki cikin natsuwa ya nemi 8.

In kuwa Disk ne ya tsaya cak a kashi 100 alhali CPU da Memory suna zaune lafiya, a nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin a ganina wannan ce matsalar da aka fi yi wa maganin da ba nata ba. A shiga sashen Performance na Task Manager a duba ko an rubuta HDD ko SSD a kan faifan. HDD tsohon samfuri ne mai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da yake kai-komo yana neman bayani a kansa. Windows ta zamani tana karanta dubban ƙananan fayiloli a lokaci guda, shi kuwa hannun ɗaya ne, don haka layi yake taruwa. SSD, sabon samfurin faifan, ba shi da abin da yake motsi ko kaɗan. Kwamfutar da ke kan HDD, ko sau goma aka yi mata fomat, nauyinta zai dawo; sauya faifan zuwa SSD shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri ga tsohuwar na'ura. Idan kuma aka kasa kunne aka ji faifan yana ƙas-ƙas a kai a kai, ko fayiloli suka fara ƙin buɗewa, a dakatar da duk wani gyara a kwashe muhimman abubuwa zuwa wani faifai tun yana amsawa, saboda wannan alamar mutuwa ce.

Batun CPU ya fi sauƙi. Idan manhaja ɗaya da aka sani ce ta cinye shi, a rufe ta da End task. Idan suna ne da ba a gane ba, kada a taɓa shi sai an bincika, domin yana iya zama wani ɓangare na Windows. Microsoft tana sakin manyan sabuntawarta a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma ba abin mamaki ba ne kwamfuta ta yi nauyi na ɗan lokaci tana shigar da su. Haƙuri da Restart sun isa. Zafi ma yana da hannu: idan CPU ya kusa digiri 100 na salshiyos, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kwamfutar cinya da aka ɗora kan katifa ko bargo, ƙofofin iskarta a toshe, fankarta tana huci kamar za ta tashi sama, ba manhaja take bukata ba. A mayar da ita kan teburi, a kuma sa a share ƙurar da ta taru a fankar.

Kafin a rufe Task Manager, a leƙa sashen Startup, inda aka jera manhajojin da suke tashi tare da Windows. A danna Disable a kan waɗanda ba a bukatarsu da zarar an kunna. Wannan ba ya goge su, yana hana su yin sammako ne kawai.

Sai batun wuri. Faifan da ya cika maƙil yana hana Windows sakewa, har sabuntawa ta riƙa gazawa. A shiga Settings, sannan System, sannan Storage, a buɗe Temporary files. A karanta jerin da kyau kafin a goge, domin Downloads yana cikinsa, kuma mutane da yawa a nan suke barin takardunsu masu muhimmanci ba tare da sun sani ba.

A nan zan ja kunne game da manhajojin da ake tallatawa da sunan wanke kwamfuta ko ninka saurinta. Masu taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, daga cikinsu, Microsoft da kanta ba ta goyon bayan amfani da su, kuma sau da yawa garin gyaran gira ake rasa ido. Haka nan shafin intanet da ya fito da jan rubutu yana cewa an gano ƙwayoyin cuta, a kira wata lamba ko a sauke wani abu, damfara ce. A rufe shi kawai. Microsoft Defender da yake zuwa tare da Windows ya wadatar da yawancin masu kwamfuta a gida, kuma ɗora manhajojin kariya biyu a lokaci guda nauyi yake ƙarawa, domin kowacce tana binciken abin da ɗayar take yi. Idan ana zargin cuta, a shiga Windows Security a zaɓi binciken Offline scan, wanda yake sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin cutar ta samu damar tashi ta ɓuya.

Idan har yanzu tagogi suna daskarewa ko manhajoji suna rufe kansu, mai yiwuwa wasu fayilolin Windows ne suka lalace. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da izinin mai gudanarwa, wato Run as administrator, a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a jira ya gama ko da ya yi kamar ya tsaya, sannan a rubuta sfc /scannow. Na farkon yana gyara rumbun da Windows take ɗauko fayiloli masu lafiya daga ciki, na biyun kuma yana musanya lalatattun da su, shi ya sa ake bin wannan jeri.

Sai an bi duk waɗannan ba a dace ba ake maganar sake ɗora Windows, kuma ko a nan akwai Reset this PC, mai zaɓin Keep my files, wanda yake cire manhajoji ya bar fayilolin mutum. Duk da haka a kwafe fayilolin a faifan waje tukuna, a kuma tabbatar an san kalmar sirrin asusun Microsoft. Idan faifan yana kulle da BitLocker, makullin tsaro na Windows, a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 a rubuta shi a takarda, domin idan kwamfutar ta tambaye shi ba a same shi ba, babu mai iya buɗe faifan. Wanda yake kan Windows 10 kuma ya sani cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka tunda za a sha wahalar sake ɗorawa, ya fara duba da manhajar PC Health Check ko na'urarsa za ta ɗauki Windows 11, wadda take bukatar wani sashen tsaro na jikin na'ura mai suna TPM 2.0 da wurin ajiya na akalla gigabait 64.