Yadda za mu tare wutar daji tun kafin iska ta kawo mana ita gida

Assalamu alaikum jama'ar Tahoua da kewaye, musamman 'yan uwanmu na Abalak, Tchintabaraden, Tillia da Tassara. Ruwa ya ɗauke, ƙarangiya ta fara yin fari, to wanga lokaci ne ya kamata mu zauna mu yi maganar wutar daji, ba sai ranar da munka hango jan sama da dare kowa na salati ba. Duk shekarar da damina ta yi kyau ciyawa ta rufe ƙasa babu gurbi, wannan shekarar ce wuta ta fi ci, don ta samu abin da za ta bi tun daga wanga mashekari har wancan ba tare da ta tsaya ba. Ciyawar da makiyayi ke murna da ita a watan Satumba ita ce abin tsoro daga Oktoba har cikin ɗari.

Wuta ita kaɗai ba ta fi ƙarfin gari ba, iska ce ke ba ta ƙafa. In iskar hunturu ta taso daga gabas maso arewa sai ta kwantar da harshen wutar gaba, zafin ya riƙa busar da ciyawar da ke gabanta tun kafin ta iso, sannan ta kwashi tartsatsi da guntayen kara masu ci ta jefa can nesa, sai ka ga wata sabuwa ta tashi bayan mutanen da ke kashe ta farko. A busasshiyar ciyawa da iska mai ƙarfi tana iya wuce gudun mutum. Kuma kar wani ya ce talaucinmu ne kawai, garin Lahaina na Hawai a Amurka wuta da iska sunka cinye shi a Agustan 2023, mutum wajen 100 sunka rasu, a Janairun 2025 kuma Los Angeles ta rasa gine-gine sama da 16,000, ga jirage ga motocin ruwa amma iska ta hana su aiki yadda ya kamata. To mu da motar fompiye, wato masu kashe gobara, ke iya kwashe awoyi kafin ta iso, in ma akwai hanya, aikinmu na gaske shi ne wanda za mu yi tun wuta ba ta tashi ba.

Aikin farko kuma mafi girma shi ne layin tare wuta. Fili ne da ake sharewa tas, dogo, a bar ƙasa tsirara babu ko sili ɗaya, yadda in wuta ta iso za ta rasa abin ci ta tsaya ko ta rage ƙarfi har a iya bugunta. Ana yinsa da zarar ruwa ya ɗauke, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, tun ran gini tun ran zane, in kunka bari sai Disamba to kun makara. Faɗinsa ya kai mita 15 zuwa 20, inda ciyawa ke da tsawo kamar gamba a ƙara, don mita 3 ko 4 da wasu ke yi su ce sun gama wallahi iska ba ta ma san da shi ba, tartsatsi ɗaya ya tsallake. Sannan a kula da inda ya fuskanta. Layin ya gitta ma iska ne, tunda tana fitowa daga gabas maso arewa sai a fara da wannan ɓangaren na gari ko na makiyaya, in ƙarfi ya saura a kewaye sauran. Wanda ya shimfiɗa shi ya bi tsawon iskar ya wahalar da mutane a banza.

Kayan aikin duk muna da su, hauya, manjagara, adda, felu, amalanke. Wasu na gaba suna yanka, na baya na tattarawa da manjagara, na ƙarshe na kankare abin da ya saura har ƙasa ta fito. A fili mai faɗi ana ɗaura ƙaton reshen ƙaya ko tsohuwar tayar kamyo a bayan raƙumi ko shanu ko mota a yi ta ja ana komowa, yana rage aiki sosai amma sai an bi baya da hannu. Kuma don Allah ciyawar da anka yanke kar a tara ta a bakin layin, na sha ganin haka kuma abin na ci mani rai, an share fili mai kyau sannan an jera ma wuta abinci a gefensa. A kwashe ta a kai ma'aji nesa, a watan Afrilu da Mayu lokacin da dabba ke cin kwali da leda a kasuwa wannan ciyawar kuɗi ce, ita kaɗai ta isa ta biya wahalar gayyar. Ku yi amfani da abin da Allah ya riga ya share, hanyar mota, turba, busasshen ƙorama, fako mai tsakuwa, bakin tafki irin na Tabalak, sai ku haɗa layinku da su. Akwai shekarun da gwamnati da ƙungiyoyi ke biyan kuɗi a yi wanga aiki, a je meri, wato ofishin magajin gari, ko wajen ma'aikatan ruwa da daji a tambaya, amma in ba su zo ba kar a zauna jira, maigari da ardo su kira gayya.

Sai cikin gari. Ka tsaya ƙofar gidanka ka duba da idon wuta, ina za ta fara kamawa? Yawancinmu karan hatsi na jingine da danga, harawa na bisa rumfa, rumfar na manne da ɗaki, rumbu na gefe da ciyawa har gindinsa, ga bidon esansi na mai moto a lungu. A raba su. Kara da harawa su koma can gefe, ɓangaren yamma ko kudu inda iska za ta kore wutar daga gidaje in sun kama, kuma kar a tara na gari duka wuri ɗaya. Gindin kowane rumbu a share kamar mita 10 kewaye, a bar tazara tsakanin rumbu da rumbu, abincin shekara ne a ciki. Damman hatsin da ke gona a share kewayensu su ma ko a gaggauta kwasowa. Azuzuwan lakwal na zana kuwa, duk ɗan Nijar ya tuna gobarar Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas ta Niamey inda yara wajen 20 sunka rasu, ga ta Maradi a Nuwamban shekarar, waɗannan ba wutar daji ba ce amma sun nuna mana mintoci nawa zana ke ɗauka ta cinye. Iyaye su je su share kewayen azuzuwan, a raba su da juna, a buɗe ma kowane aji ƙofa biyu.

Wutar nan kusan kullum hannun mutum ne ke tada ta. Shayi ne na farko in za mu faɗi gaskiya, an dafa an sha an tashi an bar gawayi cikin toka, la'asar iska ta tone shi. A share wurin kafin a hura, in an gama a zuba ruwa a rufe da rairayi a taka. Guntun sigari da ake jefowa ta tagar mota a hanyar Tahoua zuwa Abalak zuwa Agadez, masu ɗibar zuma, yara masu farautar gafiya da wuta, mai ƙona sassabe da tsakar rana, moto da anka ajiye da zafin salansa cikin ciyawa, duk sun isa. Wanda dole sai ya ƙona wani abu ya yi da sassafe ko bayan magariba in iska ta kwanta, da mutane kusa, kuma ya tsaya har ta mutu. Dokar daji ta 2004 ta tanadi hukunci ga mai sa wuta, amma a ganina tsawatarwar dattijo a majalisa ta fi saurin isa kunnen yaro.

Tun yanzu a san wa zai kira wa. Lambar fompiye 18 ce, a haɗa da ta magajin gari, ta jami'in ruwa da daji da ta maigarin ƙauyukan da ke ƙasan iska, don su ne za ta isa wa bayanku. Inda babu rezo a san tudun da ake samu, a san yaron da ke da moto mai lafiya. Mai kira ya faɗi abu a fili, wuta na wuri kaza, ta nufi wuri kaza, iska na da ƙarfi ko babu, saƙon murya ɗaya a WhatsApp mai wannan bayanin ya fi bidiyo goma na hayaƙi. Lasifikar masallaci ta yi shela. A kuma zaɓi wurin taruwa tun yau, fili marar ciyawa kamar filin idi, filin kasuwa ko bakin rijiyar da dabbobi sunka tattake, kowace uwa ta san shi, kowane yaro ya san shi.

Ranar da ta taso, kafin komai ka ɗebi ƙasa ka sake ka ga inda iska ta kai ta. Mata masu goyo, yara, tsofaffi da marasa lafiya su tafi wurin taruwa tun hayaƙi na nesa, a ƙirga su, kar a bar kowa ya koma ɗauko kaya. A kwance dabbobin da ke turke, akuya ko jaki da ke ɗaure ba shi da yadda zai yi, garke kuma a kora shi ta gefe, a gitta ma iskar, kar a sa shi gaban wuta a ce za a tsere mata. Butelin gaz da esansi a fitar da su fili.

Masu zuwa kashewa su sa kayan auduga masu dogon hannu da takalmi rufaffe, rigar ƙwallo da yadin leda narkewa suke su manne a fata, silifas ma haka. Rawani a jiƙa a rufe hanci da baki. A riƙe ɗanyen reshe mai ganye, sabara, kalgo ko bedi, ko buhun garara da anka jiƙa, da felu na watsa rairayi. Ba a tarar ta ta gaba. Ana farawa daga bayanta, ta inda ta riga ta ci, a rabu biyu a bi gefe da gefe ana matse ta har kanta ya ƙanƙance. Bugun ma da yadda ake yi, ka saukar da reshen gindin wutar ka share ta zuwa cikin toka, in ka riƙa ɗaga shi sama kana kaɗawa fifita ka ke mata kuma tartsatsi na tashi bayanka. Ƙafarka ɗaya kullum tana cikin ƙonannen wuri. Mutum ɗaya, dattijo mai ido, ya tsaya kan tudu ko bisa mota ba ya bugu, aikinsa kallon iska, in ta juya ya yi kuwwa kowa ya koma cikin toka. In harshen wutar ya fi tsayin mutum a ja baya, a jira ta a layin da anka share ko a jira dare, iska kan lafa ta kuma kwanta, lokacin ne ake cin ƙarfinta. Mutanen Keita da Bouza ku kula, wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, kar wanda ya tsaya samanta ko ya gudu ya hau dutse mai ciyawa. Sa wata wuta don ta tare mai zuwa dabara ce da ke aiki, amma sai wanda ya san ta, daga bakin sharar layi, da mutane da yawa, in ba haka ba kun ƙara ta biyu.

In ta rutsa da kai nemi inda babu ciyawa, fako, hanya, ramin ƙorama marar haki, ka kwanta rub da ciki ka rufe kai, iskar da ke ƙasa ta fi sanyi kuma hayaƙi na iya kashe mutum kafin harshen ya iso. Wanda tufafinsa ya kama kar ya ruga, ya faɗi ya yi birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo.

Ƙuna kuma ruwa mai tsabta marar ƙanƙara za a yi ta zubawa har minti 20, a cire zobe da agogo tun wurin bai kumbura ba, tufafin da ya manne a bar shi, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi likita. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, manja, toka ko kashin shanu, waɗannan su ke sa ciwon ya ruɓe. Ƙuna a fuska, hannu ko al'aura, ko yaro ƙarami, ko wanda muryarsa ta dishe bayan shaƙar hayaƙi, a tafi da shi nan take ko da ya ce lafiyarsa lau.

In ta mutu kar kowa ya watse. Busasshen kashin shanu da kututturen itace na iya riƙe wuta a ciki kwana da kwanaki, a bi bakin ƙunar ana farfasa su ana binnewa, a bar masu gadi su kwana har su ga yadda iskar washegari za ta yi. Sannan a kai rahoto meri da wajen ma'aikatan kiwo, faɗin wurin da ya ƙone, rumbu nawa, dabba nawa, don da wannan ake neman taimakon dusa da abinci. Ciyawar da ta ƙone a Nuwamba ba ta dawowa sai ruwan Yuni ko Yuli, ke nan makiyayin da ya rasa ta dole ya gangaro kudu da wuri, wataƙila tun kafin ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki. Sarakunan Illéla, Madaoua da Konni da na arewa su yi waya da juna tun garken na hanya, a nuna masa burtali da mashaya da gonakin da anka riga anka kwashe.